Tsakanin Kunne da Shafi

Jawabin da wakilin ɗaliban ilmin kwamfuta ya gabatar a wani taron ƙungiya da aka yi a Fagge



Batun da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau ƙarami ne ƙwarai a ido, har muna tsammani waɗansu za su ce bai isa a tara mutane saboda shi ba. Kusan kowa a zauren nan yana da waya a aljihu, kuma kowa ya yi abin da za mu bayyana sau da yawa tun wayewar gari, ba tare da ya kula ba. Mutum ya buɗe manhaja, ya ga sunaye uku ko huɗu a jere, a sama ko a ƙasa. Ya taɓa ɗaya, shafinsa ya fito. Ko kuwa ya ɗora yatsa a tsakiyar gilashi ya ja gefe, shafi ya gusa, wani ya maye gurbinsa, ɗan layin nan da ke ƙarƙashin suna shi ma ya bi su a hankali. Hanya biyu ke nan zuwa wuri guda. Abin da muke so mu duba shi ne yadda ake ɗaure hanyoyin nan biyu da juna, da kuma abin da ke samun ɗan kasuwar Sabon Gari ran da suka saɓa.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita a kan kalmomi, don kada mu yi ta magana kowa da abin da yake nufi. Yayyenmu da ke aiki a Sakatariyar Audu Bako sun san babban fayil ɗin nan mai kwalaye a tsakani, kowane kwali da ɗan kunne da ya leƙo waje, an rubuta masa suna, don magatakarda ya sa yatsa ya buɗe daidai inda yake so. Daga wannan ɗan abu Turawa suka ari sunan da suke kiran waɗancan sunaye na cikin waya. To, mu ma za mu kira shi kunne. Abin da ke fitowa idan an taɓa kunne shi ne shafi. Gusar da shafi da yatsa kuwa za mu ce masa ja. Babu abin kunya a irin wannan aro, gama ita kanta kalmar manhaja ta daɗe tana nufin tsarin karatun makaranta kafin a ɗora mata sabon kaya.

Me ya sa Sabon Gari? An kafa unguwar a 1913, jim kaɗan bayan hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, domin saukar baƙi ma'aikata da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma. Tun daga lokacin wuri ne na harsuna barkatai. Wanda ya taso daga Bata ya bi Titin Faransa, ya kutsa cikin kasuwar da yanzu ake kira da sunan Muhammadu Abubakar Rimi, zai ji Hausa da harshen Ibo da Yarabanci da Turancin buroka, wani lokaci a bakin mutum guda. Ya tsallaka Kantin Kwari ya tarar da baƙi daga Nijar da Chadi da Kamaru. A cikin wannan taro akwai mai digiri, akwai wanda ajami kaɗai yake karantawa, akwai wanda lamba ce iyakar karatunsa, amma lissafin miliyoyi na cikin kansa. Dukansu suna riƙe da waya iri ɗaya, kuma manhaja guda ake so ta yi musu aiki.

Abubuwa biyu sun tura lissafin kasuwa cikin waya. Na farko gobara: a watan Maris na 2016 wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari, kuma duk wanda ya bar littafin bashinsa a rumfa ya san cewa takarda ba ta da lamuni a gaban wuta. Na biyu ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, bayan an sauya fasalin naira, lokacin da har mai kayan miya ta koma karɓar kuɗi ta waya. Saboda haka idan muka ce kunne da shafi, ba wasan yara muke nufi ba. Dukiyar mutane ce ke kwance a ƙarƙashin waɗannan sunaye.

Mu ɗauki misali guda mu riƙe shi har ƙarshe. A ce ɗaya daga cikinmu ya gina wa wani Alhaji mai atamfa manhajar lissafi mai kunne huɗu: Kaya, Ciniki, Ina bi, Ana bi na. Ku dubi na uku da na huɗu da kyau. Shafukansu kamarsu ɗaya, sunayen mutane a jere da lambobi a gefe, amma ma'anarsu gabas da yamma ce: ɗaya kuɗin da za su shigo, ɗaya kuɗin da za su fita. Abin da ya raba su a idon Alhaji shi ne ɗan layin da ke ƙarƙashin kunne. In layin nan ya tsaya a kan Ina bi alhali shafin da ke gabansa na Ana bi na ne, to sai ya aiki yaro ya je ya tsare mutumin da shi ne ya kamata a kai wa kuɗi. Kun ga zumuncin shekara ashirin ya taɓu saboda ɗan layi da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba.

Yaya za a yi layi ya saɓa wa shafi? Amsar ita ce, a cikin waya su biyun ba abu ɗaya ba ne, kuma ba haihuwar rana ɗaya ba ne. A tsarin Android, wanda shi ne a mafi yawan wayoyin kasuwarmu, kamfanin Google ya fitar da abin jan shafi mai suna ViewPager a 2011. Jerin kunnuwan da aka fi amfani da shi, watau TabLayout, sai a 2015 ya zo. Kowannensu gashin kansa yake ci. Jerin kunnuwa ya san sunaye, ya san wanda aka taɓa, bai san akwai wani abu wai shi shafi ba. Abin jan shafi kuwa ya san inda yatsa ya kai shi, bai taɓa jin labarin kunne ba. In mai gini ya ajiye su a fuska ɗaya bai haɗa su ba, sai a taɓa kunne layi ya koma can, shafi na nan zaune. A ja shafi ya wuce, layi na nan inda aka bar shi.

Haɗin yana bukatar saƙo iri uku. Idan an taɓa kunne, a gaya wa abin jan shafi lambar shafin da ake nema. Kwamfuta daga sifiri take fara ƙirga, watau Kaya shi ne 0, Ciniki 1, Ina bi 2, Ana bi na 3. Idan an ja shafi, a gaya wa jerin kunnuwa. Amma fa ba sai ja ya ƙare ba, tun yatsa na tafiya ake aika labari, ana faɗin rabon da aka ci tsakanin 0 da 1, kwata ne ko rabi, domin layin ya riƙa bin yatsa sau da ƙafa. Wannan bin sawu shi ke koya wa wanda bai taɓa shiga aji ba cewa sunan nan da shafin nan abu guda ne. Ba wanda ya yi masa bayani, idonsa ya gani. Saƙo na uku kuwa, idan yawan shafuka ya canza, a sake jera kunnuwa.

A nan ne aikin ke da ɗan sarƙaƙiya, gama abokan magana biyu da kowa ke maimaita abin da ɗan'uwansa ya faɗa ba sa gama zance. Kunne ya ce wa shafi koma na 3; shafi ya kama hanya, ya ratsa ta na 1, ya aiko cewa ga ni a na 1; kunne ya ji, ya ce to koma na 1. Sai layi ya kama rawa, shafi ya tsaya a inda ba a aike shi ba. Maganin da aka samo shi ne a riƙa tambayar asalin motsin. Shafi hali uku gare shi: ko yana tsaye, ko yatsa na jan sa, ko yana ƙarasa tafiya da kansa. In ya shiga tafiya da kansa bayan yatsa ya sake shi, to ja ne, layi ya bi shi. In kuwa daga tsaye ya zabura ba wanda ya ja shi, to umarni ne daga kunne, sai a ƙyale layi ya tafi inda aka taɓa kai tsaye, kada ya saurari labaran kan hanya.

A watan Nuwamba na 2019 aka fitar da sabon abin jan shafi, ViewPager2, sa'an nan aka cire aikin haɗin aka danƙa wa wani abu na uku, TabLayoutMediator. Ma'anar ƙarshen sunan nan mai shiga tsakani, mu kuwa mutanen Kano muna da sunansa tun kafin a haifi kakannin masu Google: dillali. Shi ke jin ta bakin wannan ya kai wa wancan, shi ke tambayar mai gini sunan da za a rubuta a kowane kunne. Yana da sharaɗi guda da ba ya sassautawa. Sai an fara ba abin jan shafi ma'ajinsa, watau sashen da ya san yawan shafuka kuma yake fito da kowanne in an nema, kana a kira dillali. Wanda ya kira shi kafin haka, manhaja rufewa za ta yi nan take. Ba mu ga laifinsa ba. Wane dillali ne ke shiga ciniki kaya ba su iso ba?

Sababbin kayan gini sun bi wata hanya wadda mu a ganinmu ta fi. A Flutter, da ya fito sosai a 2018, da kuma Jetpack Compose na 2021, ana iya ajiye lambar shafin da ake kai a wuri guda tak, jerin kunnuwa ya duba can, shafuka su duba can. Wanda ya taɓa kunne lambar nan ya canza, wanda ya ja shafi ita ya canza. Ba a bar wa kowa damar riƙe tasa gaskiyar ba. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san rigimar da ke tashi in mai saye ya zo da mudunsa, mai sayarwa na da nasa. Ko da wane kayan aiki ɗan'uwa zai yi gini, muna ba shi shawara ya tambayi kansa: lambar shafin da ake kai, a wuri nawa na ajiye ta? In amsar ta wuce ɗaya, to akwai ranar da za su saɓa, kuma ba a ɗakin gwaji za su saɓa ba, sai a rumfar Alhaji ana tsakiyar ciniki.

Akwai wani rami da ya fi wannan zurfi, domin shi ko da dillali na kan aikinsa ana faɗawa. A ce a cikin manhajar an ba kowane babban abokin ciniki kunnensa: mutumin Agadas, mutumin Anacha, mutumin Maiduguri. Mutumin Agadas ya biya kuɗinsa kaf, aka goge kunnensa. Dillali ya sake jera sunaye daidai, mutumin Anacha ya dawo na farko. Amma ma'ajin shafuka, in ba a koya masa wani abu dabam ba, da mazauni yake gane shafi. A wurinsa shafi na 0 yana nan, ya riga ya gina shi, ba dalilin sake wahala. Sai ga sunan mutumin Anacha a sama, lissafin mutumin Agadas a ƙasa, an rubuta ba a bin sa ko kwabo. Manhaja ba ta rufe ba, ba ta yi ƙara ba, ƙarya kawai ta shirga cikin natsuwa. Gyaran ba wuya: a ba kowane shafi lambar shaida tasa wadda ba ta canzawa, a kuma koya wa ma'aji yadda zai gane ko mai wannan lamba yana nan ko an sallame shi. Masu gini za su tarar da wuraren biyu da sunan getItemId da containsItem. Yayyenmu na ofis ba sa bukatar dogon bayani a nan, gama sun san lambar fayil ba ta canzawa don an matsar da shi daga wannan kanta zuwa waccan, kuma sun san abin da ke samun ɗan fansho in aka ɗauki fayil da mazauninsa maimakon lambarsa.

Sai maganar wayar kanta. Mafi yawan masu rubuta littattafan koyon wannan sana'a da manyan wayoyi suke gwaji. Wayar yaron shago kuwa ƙaramar itel ce ko tsohuwar Tecno, mai ƙwaƙwalwar aiki gigabait 1 ko 2, cike da hotuna da saƙonnin murya. Gilashin irin wannan waya yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, watau kowane hoto yana da kamar kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa a shirya shi. In shafin da ake jawowa sai a lokacin za a fara gina shi, yatsa zai ji yana cijewa. In kuma aka ce a gina duka huɗu tun farko, kowanne ya ɗebo kayansa daga intanet, to an cinye wa mutum data a kan shafukan da watakila ba zai leƙa ba ranar. Tsohon ViewPager yakan riƙe shafi ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ya saki sauran. Mu abin da muka fi yarda da shi shi ne a tanadi ƙwarangwal ɗin maƙwabcin shafi, amma kada a taɓa intanet sai ya zo gaba sosai ya tsaya.

Kuma a tuna cewa ɗan kasuwa ba ya zama a manhaja ɗaya. Yana cikin rubuta bashi mai saye zai ce na tura, sai ya fita ya duba ko alat ya shigo, ya amsa kira, ya dawo. A ƙaramar waya, Android kan kashe manhajar da aka bari a baya don ya sami wurin aiki. In Alhaji ya dawo ya tarar an mai da shi shafin Kaya, rabin lambar da ya rubuta ta ɓace, ba zai ce ƙwaƙwalwar waya ce ta cika ba. Cewa zai yi abin nan na yaran jami'a ba shi da amana, ya jawo tsohon littafinsa. Lambar shafi da abin da aka fara rubutawa lalle ne a adana su yadda za su tsira daga wannan kisa.

Yanzu ga rigimar da ba ta da cikakken magani, watau rigimar wa ke da yatsa. Ja zuwa gefe motsi guda ne, amma masu nemansa suna da yawa. A shafin Kaya akwai jerin hotunan atamfa da ake ja gefe don a ga na gaba. Waɗansu masu gini kuma suna son a ja sunan mutum gefe don a goge shi. Ga shi tun Android 10, a 2019, ja daga bakin gilashi yana nufin koma baya ga wanda ya zaɓi wannan tsari. Yatsa ɗaya, ma'ana huɗu. ViewPager2 da kansa ba ya raba gardama tsakaninsa da jerin hotunan da ke tafiya ta fuskar da yake tafiya. Sai mai gini ya sa jerin ya ce wa na sama da shi dakata, ni ke da yatsan nan har in kai ƙarshe. Wannan ana iya yi. Abin da muke ƙi ƙwarai shi ne a ɗora gogewa a kan ja a cikin shafin da shi ma ja ake yi. Mutum ya nufi wucewa daga Ina bi zuwa Ana bi na, yatsansa ya sauka a kan sunan wani, bashin dubu ɗari biyar ya tafi. Ko an sa tambayar ka tabbata, mai hanzari eh zai danna.

Haka nan ba kowane jerin shafuka ne ya cancanci kunne ba. Kunnuwa na tsararraki ne, waɗanda za a iya shiga kowanne a kowane lokaci. Aika kuɗi kuwa matakai ne: lambar asusu, adadi, duba suna, lambar sirri. Wanda ya jera waɗannan a kunnuwa, har ya bari a ja a tsallake duba suna, ya gina wa mutane rijiya a bakin ƙofa. A irin wannan wuri a kashe ja ɗungum, akwai makunninsa.

Wanda ke shakkar cewa hannu yana da hadda, ya tuna da abin da ya faru da WhatsApp, manhajar da ta zama rumfa ta biyu ga 'yan Kwari. Shekara da shekaru kunnuwanta a Android suna sama ne, ana ja daga hira zuwa sitatus zuwa kira. A 2023 kamfanin ya fara gwada sauko da su ƙasa, inda babban yatsa ya fi kaiwa, ya kuma bayyana sauyin ga kowa a watan Maris na 2024. A farkon gwajin ja ya daina aiki, wanda hakan ya yi daidai da tsohuwar ƙa'idar Google ta 2016 cewa jerin ƙasa taɓa shi ake yi, ba a ja. Amma mutane sun riga sun saba, kuma kafin a gama gwajin aka mai da ja. A iPhone kuwa, inda jan hira gefe ke fito da umarnin ajiye ta, ba a wucewa shafi da ja. Manhaja ɗaya, kamfani ɗaya, hukunci biyu, kowanne bisa ga abin da yatsun mutanensa suka haddace. Darasin da ya shafe mu kai tsaye shi ne jeri. Mutumin da ba ya karanta sunan kunne, mazauninsa ya riƙe: ja biyu, ga masu bashi. Ran da aka sabunta manhaja aka cusa sabon kunne a tsakiya, an sauya masa hanyar gida da dare. In ƙari ya zama dole, a ƙara a ƙarshe.

Amma kada a ɗauka ja ya wadatar har a ɓoye kunnuwa don fuska ta yi kyau. Ja ba shi da alama. Wanda bai sani ba, ba abin da zai gaya masa akwai wani shafi a gefe. Gilashin waya da ɗan lantarkin jikin fata yake gane taɓi, shi ya sa mai kifi da mai manja da wanda hannunsa ke jiƙe suke fama, kuma doguwar tafiyar yatsa ta fi taɓi ɗaya saurin yankewa, balle a gilashin da ya tsage. Makaho mai amfani da TalkBack, na'urar da ke karanta masa abin da ke fuskar waya, in ya ja da yatsa ɗaya abu na gaba ake karanta masa, sai da yatsu biyu yake gusar da shafi. Shi kam kunne mai suna shi ne ƙofarsa. Don haka ko hoto aka sa a kunne, a rubuta masa suna a ɓoye wanda na'urar za ta furta.

Sunayen su ma aiki ne. Kunne huɗu a faɗin ƙaramar waya ba ya ɗaukar doguwar jimla, kuma Hausa ba ta son a datse mata wutsiya. Waɗanda ake bi bashi ba zai shiga ba, Ina bi ya shiga, kuma shi ɗan kasuwa ke faɗa da bakinsa. Tsohon tsarin TabLayout yakan mai da sunaye manyan baƙaƙe da kansa, saboda haka a duba ko irin rubutun da aka zaɓa yana da Ƙ da Ɗ da Ɓ, kada Ƙidaya ta fito da ɗan akwati a goshi.

Mun ajiye maganar ajami sai yanzu domin ita ce inda namu ya bambanta da na masu littattafan. Boko daga hagu yake tashi, saboda haka kunne na farko yana hagu, shafi na gaba yana shigowa daga dama. Ajami daga dama yake tashi. Wanda ya yi karatun allo, ya saba da littafin da ake buɗewa ta dama, a wurinsa gaba tana hagu. Mutanen nan ba kaɗan ba ne a Fagge, kuma har yanzu ajamin da ke jikin takardun naira 200 da 500 da 1000 su yake yi wa magana. Android ya fara juya fuskar manhaja don masu rubutun dama tun 2012, amma tsohon ViewPager bai bi ba. Sai a ga kunnuwa sun juya sun faro daga dama, shafuka na nan a tsarin hagu: yatsa ya ja nan, layi ya gudu can. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka gina ViewPager2, wanda ke juyawa tare da fuskar. Sai dai akwai abin lura. Waya in an ce mata Hausa, boko take ɗauka. Mai son fitar da manhajarsa da ajami sai ya faɗa mata a fili cewa wannan Hausa ce da baƙaƙen Larabci, ko ya juya fuskar da hannunsa, sa'an nan ya gwada kunnuwa da ja tare. Irin rubutun ma akwai shi: Alkalami, wanda aka zana bisa hannun da ake rubutu da shi a ƙasar Kano, kyauta ake samunsa. Injiniyan da ke Kalifoniya ba zai zo ya gwada mana wannan ba, ba don mugunta ba, don bai san akwai Alhajin da ke rubuta bashi daga dama, ya rubuta lambar waya daga hagu, a layi guda.

Gwajin kuwa ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A je Titin Beirut a sayi waya ta hannu mafi araha da aka samu, in da hali mai tsagaggen gilashi. A sa mata manhajar, a shiga kasuwa da azahar lokacin da rana ke dusashe fuskar waya, a miƙa wa mai rumfa, a ce ya nemo wanda yake bi bashi. Daga nan sai a kame baki, ko da ya ɓata, a zuba wa babban yatsansa ido: taɓawa ya yi ko ja, ta wace fuska ya fara ja, kuma da shafin ya tsaya, ya ɗaga ido ya dubi kunne ko kuwa ya yarda kawai. A sa shi ya fita ya duba alat ya dawo. A goge kunne ɗaya a gabansa, a tambaye shi lissafin wa yake gani.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata. Mun zo da wayoyi biyu, ɗaya an haɗa mata kunne da shafi, ɗaya an bar su a rabe, ga su nan a kan tebur don wanda ke so ya gwada da yatsansa kafin a shiga tambayoyi.